Kwana Biyu a Kwatano: Yadda Wani Tela Ɗan Maraɗi Ya Koma Baƙo a Hanyar Gidansa ta Agege

Mutum biyu ne suka tashi daga Agege ta Legas wata ranar Juma'a a daminar 2025, da niyyar su kwana biyu a Kwatano ta ƙasar Benin su dawo Lahadi da yamma. Ɗaya Bakano ne mai sayar da yadi, ɗayan kuma tela ne mai aikin surfani, haifaffen wani ƙauye a jihar Maraɗi. Masallacinsu ɗaya, majalisarsu ɗaya, in ka gan su cikin kaftani da hula ba za ka ce ga ɗan Najeriya ga ɗan Nijar ba. Bakanon ya bi duk inda ake bi, babu wanda ya tsare shi. Telan kuwa ya kwana a kan benci a wani shinge kusa da Badagiri, ya rasa rabin aikin biki, ya kuma ci bashin da ya yi wata biyu yana biya. Na ji labarin daga bakinsu su biyun, na kuma ji daga maigidan telan. Na bar sunayensu, domin irin telan nan suna da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, kuma abin da ya same shi yana iya samun kowannensu.

Zaman da babu takarda

A 2016 ya shigo Najeriya, ta hanyar da mutanen yankinsu suka saba bi: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, daga nan ya hau doguwar mota zuwa Ikko. Katin shaidar ɗan ƙasa na Nijar ne a aljihunsa, shi ma ba a cika tambayarsa ba. Wanda ya san iyakar arewa ya san yadda take. Mutum yana noma a wannan ɓangare, yana cin kasuwa a wancan, surukansa na can, kabarin kakansa na nan. Ba a saba tsayawa neman hatimi ba, kuma babu mai jin ya yi laifi.

A 2022 ya je gida ya yi fasfo a Yamai, irin mai tambarin ECOWAS, saboda yana da burin Umara. Da zai dawo sai ya sake biyowa ta Jibiya, ya nuna katinsa kamar kullum, fasfon yana ƙasan jaka a naɗe cikin leda. Haka ya iso Legas da fasfo sabo fil, babu ko ɗigon tawada a shafukansa. Ya ajiye shi a akwati yana ganin ya yi maganin takardu.

Ga abin da doka ta tanada. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS, wadda aka sa wa hannu a Dakar a 1979, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma da sharaɗi: ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, kuma ya shigo ta mashigar da hukuma ta sani. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi izini. Ƙarin yarjejeniyar da aka yi a Abuja a 1986 ita ta kawo haƙƙin zama, kuma a kanta ne hukumar shige da fice ta Najeriya ke ba 'yan ƙasashen ƙungiyar katin zama. Telan bai taɓa neman wannan kati ba. A Yulin 2019, lokacin da gwamnatin Buhari ta buɗe rajistar baƙi ta kwamfuta tare da yin afuwar wata shida ga waɗanda ke zaune babu takarda, ya ji labari a rediyo, amma a majalisarsu aka ce dabara ce ta ƙirga mutane a kore su, sai kowa ya noƙe. Ba za a ce tsoron ba shi da tushe ba. Dattawan Agege ba su manta da Janairun 1983 ba, sa'ad da gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin mako biyu su fice, aka yi ta tururuwa a kan iyakar Seme ɗin nan, 'yan Ghana da 'yan Nijar da 'yan Chadi, kowa da ƙullin kayansa.

Akwai kuma wani abin da ya dogara da shi wanda ba ya ɗaukar nauyi. Matarsa Bakatsiniya ce, 'ya'yansu uku a Agege aka haife su, don haka yana ganin aure ya mai da shi ɗan gida. Yaran dai 'yan Najeriya ne ta wajen uwarsu, sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ba su wannan. Shi kuwa a'a. Sashe na 26 ya buɗe ƙofar rajista ga baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya, bai buɗe ta ga baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba.

Sai kuma siyasa ta shigo. Sojoji suka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, a kuma bar musu 'yancin zirga-zirga da zama har sai an sake sanarwa. Wato fasfon telan yana aiki. Shi dai abin da ya tsaya masa a rai shi ne "an ce mun fita", kuma da wannan fargaba ya nufi iyaka.

Juma'a

Dalilin tafiyar suna ne. Ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya haura shekara ashirin a unguwar Zango ta Kwatano, ya samu ɗa namiji, za a raɗa suna Asabar da safe. Bakanon ya ce zai raka shi, ya duba farashin atamfa a kasuwar Dantokpa. Maigidan telan, wani Alhaji mai shagon ɗinki, ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: Litinin da safe ya same shi a kan keke, domin akwai kaftani shida na abokan ango da za a karɓa Talata.

Tsakanin Legas da Kwatano bai fi kilomita 120 ba, kuma wannan lissafi ne ke yaudarar mutane. Sun ce sai sun sallaci Juma'a, sun ci abinci, sannan suka kama hanya wajen ƙarfe uku. Maimakon su bi ta Iyana Ipaja da Igando su ɓulla Iyana Iba, sai suka gangara Oshodi zuwa Mile 2, don a can suka san ana samun motar Seme kai tsaye. Yammacin Juma'a, ga ruwan sama. Kafin su wuce Alakija da Okokomaiko rana ta faɗi, Magariba ta same su a Agbara. Daga Badagiri zuwa Seme kuwa tafiyar ba nisa gare ta ba, tsaye-tsaye gare ta: shinge bayan shinge, wani da ganga, wani da katako mai ƙusoshi, direba yana rage gudu yana miƙa hannu ta taga yana ƙunƙuni. Tara ta wuce kafin su sauka.

Tashar iyakar Seme da Krake gini ne na haɗin gwiwa da Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa, Buhari da takwaransa na Benin Patrice Talon suka buɗe shi a Oktoban 2018. Jami'an ƙasashen biyu suna harabar guda, ka gama da na Najeriya ka matsa ga na Benin. Tun kafin mutum ya kai ƙofa 'yan acaɓa da 'yan canji da masu cewa "zo in tsallakar da kai" sun yanyame shi. Bakanon ya riƙe koren fasfonsa da katin allurar shawara, ya bi layi. Telan ma yana da katin allurar, ya yi shi tare da fasfon, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Ta nan babu matsala.

A teburin fita ne aka tsaya. Jami'in ya buɗe fasfon, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa har bango, ya dawo farko, ya ɗaga kai. Bakanon ne ke yi musu tafinta.

"Ya ce yaushe ka shigo Najeriya."

"Ce mishi na jima. Nan nike aiki, nan iyalina suke."

"Ya ce ina hatimin shiga, ko katin zama."

Babu ko ɗaya. Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai buga wa mutum hatimin fita daga ƙasar da takarda ba ta nuna ya shige ta ba, ya koma gefe ya jira babbansu ya zo. Ya miƙo masa fasfon, ya kira na baya.

Telan ya tsaya jikin bango kamar minti ashirin. Cikin waɗannan mintuna ne aka yi asarar duka. Wani matashi da ke ta kallonsu tun ɗazu ya matso ya ce masa da Hausa, "Maigida, in ogan nan ya zo cikin daren nan, a ɗaki za ka kwana. Kawo dubu biyar, minti goma kana Krake." Bakanon ya ce shi dai ba ya son wannan hanya, amma bai hana ba. Telan ya hau bayan babur, aka bi da shi ta wani lungu mai taɓo a bayan shaguna, aka miƙa wani abu a wurare biyu, sai ga shi a ƙasar Benin. Ya riga abokinsa isa da rabin awa.

Abin takaici, Benin ba ta da wata rigima da shigarsa. Tun zamanin farko na mulkin Talon ƙasar ta ɗauke wa duk 'yan Afirka biza na zaman da bai wuce kwana 90 ba. Ko da ECOWAS ko babu, da ya isa teburinsu da fasfonsa da katin allurarsa, baƙo ne halastacce. Yanzu kuwa ya zama mutumin da ƙasa biyu ba su san da shi ba.

A Krake suka yi canji. Naira 150,000 ta ba su jaka 55 da 'yan kai, domin a lokacin jaka ɗaya, wato sefa dubu, tana kusan naira 2,700. A farkon 2023, kafin a saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, jakar ba ta kai naira 1,300 ba. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro ɗaya, don haka duk faɗuwar da naira ta yi sai ta bayyana ƙarara a tafin hannun ɗan canjin Seme. Can kuma suka yi ta kiran lambar Kawu ba ta shiga. A WhatsApp suka saba magana, ga shi babu data. Ɗan canjin ne ya karɓi wayar ya duba ya ce a sa 01 a gaba, tun ƙarshen Nuwamban 2024 lambobin Benin suka koma goma. Nan take ta shiga. Sha ɗaya da rabi suka isa Zango.

Asabar a Zango

Ranar Asabar ba ta da aibu, ba kuma zan daɗe a kanta ba. An raɗa suna bayan Asuba, an raba goro da dabino, an yanka rago, 'yan Maraɗi da 'yan Dosso da 'yan Gaya sun cika ƙofar gida. Suka karya da dogon burodi da shayi mai madara, suka yi Azahar a babban masallacin Zango, suka hau baburan haya masu rigar ɗorawa zuwa Dantokpa a bakin tafki. Bakanon ya zagaya rumfunan atamfa yana taɓawa yana tambaya yana buga lissafi a waya, daga ƙarshe ya ce in aka juya kuɗin zuwa naira, Balogun ta fi sauƙi. Bai sayi komai ba. Telan ya sayi turmi biyu, na matarsa da na surukarsa, da layin waya na Benin don kada a sake yin ta jiya.

Abin da ya shafi lamarinmu hirar dare ce. Kawun ɗan taransi ne, aikinsa fitar da motoci da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Nijar, ta Parakou da Kandi da Malanville, a haye gada a shiga Gaya. Shekara da shekaru wannan ce babbar ƙofar kayan Nijar. Bayan juyin mulki aka toshe gadar, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Yamai ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Kaya suka koma Lome ta Burkina, mutane suka koma haye kogi da kwalekwale. Ga rikicin bututun man da ya taso daga Agadem ya ƙare a Seme-Kpodji, inda a Yunin 2024 Benin ta kama 'yan Nijar biyar a tashar lodin man. Mutumin da ya ga duk wannan a kan sana'arsa ba ya wasa da takarda. Da ya ji yadda ɗan 'yar'uwarsa ya shigo, sai ya ajiye kofin shayi.

"Kai yanzu ta bayan gida ka shigo ƙasar mutane? Da fasfo a aljihunka?"

"Kawu, dare ya yi sa'ad da munka iso. Tsoro ya kama ni."

"To gobe ka tashi da sassafe, in raka ka Krake da kaina. Mu shiga ofis mu faɗi gaskiya. In tara ce a biya a karɓi rasit. Su buga maka, ka je teburin Najeriya su buga maka shiga. Ka ga ka samu kwana 90 masu tsabta, ka je ka nemi katinka."

"Ku yi haƙuri Kawu, in sunka riƙe ni fa? Alhaji na jirana Litinin."

"Sauri ya haifi nawa, yaro."

A ganina shawarar Kawu ita ce mafi kyau da aka ba shi a duk tafiyar. Ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari, domin yarjejeniyar 1979 ɗin kanta ta bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga wanda dokarta ba ta yarda da shi ba. Amma da rana tsaka, da dattijo mai takardun zama a gefensa, da ingantaccen fasfo a hannu, mutumin da ya kawo kansa teburi yana da bakin magana. Dawowar nan dama ce gare shi, bayan shekara tara, ta ya shiga Najeriya a rubuce. Bai karɓa ba. Ya riga ya ajiye lambar ɗan acaɓan jiya.

Lahadi

Da safe suka je kallon mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022, suka ɗauki hotuna, suka leƙa bakin teku a Fidjrosse, suka dawo sallama. Sallamar Hausawa kuwa an san ta, sai da aka ci abinci aka yi Azahar aka raka su tasha. Uku ta gota suka bar Kwatano. Hanyar Krake shimfiɗaɗɗiya ce, ta wuce filayen motocin gwanjo na Sekandji da wurin biyan kuɗin hanya a Ekpe, babu mai tsayar da su. Bakanon ya shiga harabar ya yi kusan minti arba'in. Telan ya bi lungunsa, ya zauna yana cin gyaɗa yana jiransa, har yana yi masa tsiya.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a wannan hanya iyaka ba ta ƙarewa a Seme. Ta miƙe har gadar Gbaji, har Agbara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Najeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, ta hana motoci daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ga kaji daskararru da gwanjo da ke cikin jerin haramtattun kaya, ga fetur da ke bi ta ɗaya hannun. Duk mai kaki a wannan titi ya san wanda ya zille wa babbar ƙofa dole ya biyo ta gabansa. Ɗan acaɓa kuwa lungu kawai ya sayar maka, bai sayar maka da titin Badagiri ba.

Kafin Gbaji aka tsayar da motarsu, aka ce kowa ya sauko da takardarsa. Bakanon ya nuna hatimi huɗu, fita da shiga, shiga da fita, aka ce ya koma mota. Ya raɗa wa telan cewa ya ce shi ɗan Jibiya ne ya manta katinsa a gida. Telan bai yi haka ba, kuma gara da bai yi ba. Masu wannan aiki sun san tambayoyin da ke kwance irin wannan ƙarya cikin minti biyu, sunan mai unguwarku, makarantar firamaren da ka yi, ranar kasuwar garinku, kuma da an laluba jaka fasfon zai fito. Rashin hatimi sakaci ne, ƙaryar ɗan ƙasa kuwa wani laifi ne dabam.

Aka zazzage jakarsa a kan teburin katako ƙarƙashin rumfar kwano. Fasfon Nijar babu hatimi ko ɗaya. Turmin atamfa biyu a ledar wani shagon Dantokpa. Jaka 23 na sefa. Kwalin sabon layin waya na Benin. Ƙullin naman suna a takarda. Duk abin da ke kan teburin yana cewa wannan mutum yau ya shigo daga waje ta ɓarauniyar hanya, kuma gaskiya ne. Babu abu ɗaya da ke cewa yana da aiki da mata da 'ya'ya a Agege. Rasit ɗin hayar ɗaki da katin ƙungiyar teloli suna gida cikin akwatin da fasfon ya fito. Sai hotunan yara a waya.

Jami'in da ya karɓi maganar ɗan arewa ne, da Hausa ya yi masa.

"Malam, ban ce kai mugu ba ne. Nuna mini ta inda ka shigo kawai."

"Yallaɓai, shekarata tara a Agege."

"Na ji. To shekara taran nan, wa ya san da kai? Ni takarda nake karantawa, ba fuska ba."

Direba ya jira minti goma, fasinjoji suka fara surutu, ya sauke jakar Bakanon ya ja motarsa. Bakanon ya tsaya, kuma wannan tsayawa ita ce babban abin da ya yi a tafiyar. Wajen Magariba wani mutum cikin farar riga, wanda ba ma'aikacin wurin ba ne amma yana ta shiga yana fita kamar ɗan gida, ya ja Bakanon gefe ya ce a kawo jaka ashirin zai ga oga. Aka ba shi. Ya tafi sayo kati, har yau bai dawo ba. Babban jami'in da zai yanke hukunci kuwa an ce sai Litinin.

Sai a lokacin suka kira Alhaji, abin da ya kamata su yi tun ƙarfe biyar. Alhaji ya yi faɗan da zai yi, sannan ya kira wani na kusa da fadar Sarkin Hausawan Agege, shi kuma ya samo wani dattijo a cikin Hausawan Badagiri wanda jami'an yankin suka sani. Dattijon ya ce dare ya yi, ruwa ake yi, sai da safe. Telan ya kwana a benci, sauro ya yi ta aikinsa. Bakanon ya kwana a wani masallaci na kusa. Da safe matar telan ta ɗauki hoton rasit ɗin haya na shekaru da takardun haihuwar yara ta turo, Alhaji ya rubuta wasiƙa cewa ma'aikacinsa ne ya turo hotonta, dattijon ya zo ya tsaya masa. Aka rubuta bayaninsa ya sa hannu, aka mayar masa da fasfo da kayansa, aka ce ya je ya daidaita zamansa, kada a sake ganinsa haka. Goma ta wuce suka samu mota, La'asar ta same su a Agege.

Mai bikin ya zo da safe bai ga tela ba, ya kwashe kaftani uku ya kai wani shago. Alhaji ya cire asarar daga kuɗin aikinsa. In aka haɗa da jaka ashirin ɗin nan, wadda ta haura naira 50,000, da kuɗin acaɓa sau biyu, da sabon kuɗin mota, da goron dattijo, abin da ya kashe a kan rashin hatimi ya fi abin da ya kashe a kan tafiyar kanta.

Inda ɗinkin ya karkace

A majalisa an fi ɗora laifin a kan masu shinge, wasu kuma suka ce ƙiyayyar 'yan Nijar ce tun da aka fita daga ECOWAS. Yawan shingayen hanyar Badagiri abin kuka ne, direbobi da 'yan kasuwa sun daɗe suna yin sa, ban kuma ce kowane hannu da ake miƙawa ta taga na Allah da Annabi ba ne. Amma a wannan lamari, tambayar da aka yi wa telan sau biyu tambaya ce da doka ta yarda a yi, kuma da an yi masa ita a 2022, Nijar tana cikin ƙungiyar daram, amsarsa ɗaya ce. Waɗanda suka ci kuɗinsa, ɗan acaɓa da mai farar riga, babu mai kaki a cikinsu.

Shi tela ne, ya san in aka kuskure awo a wuyan riga, duk ɗinkin da ya biyo baya a karkace yake tafiya. Rashin hatimin Jibiya ya hana hatimin fita a Seme, wannan ya tura shi lungu, lungu ya hana hatimin Benin, rashin na Benin ya sa ya ji tsoron teburi ranar Lahadi. Kowane mataki a lokacinsa ya yi kama da hanya mai sauƙi.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne bambancin matsayin mutanen biyu. Bakanon yawon buɗe ido ya je, ƙasarsa ba za ta hana shi dawowa ba ko da ya zubar da fasfonsa a teku. Telan kuwa duk lokacin da ya taka waje, sai ya sake neman izinin shiga wurin da gadonsa da kekensa da 'ya'yansa suke. Shekara tara babu wanda ya tambaye shi komai a Agege, domin a cikin gari ba a tambaya, sai shirun ya zame masa kamar izini. Mazaunin wata ƙasa da zai leƙa maƙwabciyarta yakan ɓata lokacinsa yana tambayar abin da ake buƙata don shiga can, alhali tambayar da ta fi nauyi ita ce da me zai dawo nan. Kuma kalmar "ai mu da Nijar ɗaya muke", wadda gaskiya ce a Jibiya da Illela da Maigatari, ba ta da mai fassara ta a Gbaji.

Ƙarshen mako ma da nasa sharrin. Kwana biyu ba su da sarari ko na awa uku. Wanda ya tashi bayan Juma'a zai isa iyaka da dare, lokacin da manyan jami'ai suka tashi, 'yan lungu kuma suka fi ƙarfi. Wanda ya dawo yammacin Lahadi, in aka samu tangarɗa, babu ofis a buɗe, dattawan da za su tsaya masa sun shiga gida, ga Litinin tana danna shi ya yanke shawarar gaggawa. Da sun tashi bayan Asubar Juma'a sun yi sallah a Zango, da ko an ce ya jira oga, jiran rana ne. Da sun baro Kwatano da hantsin Lahadi, da dattijon Badagiri ya iso kafin La'asar. Hoton jarumar Dahomey ya yi tsada.

Bakanon ma yana da nasa kason. Ya ga abokinsa zai hau babur bai riƙe masa hannu ba, ya ba da shawarar ƙarya, shi ne kuma ya miƙa jaka ashirin. Duk da haka, da ya bi motar nan ya tafi, da babu mai kiran Alhaji, domin wayar telan tana kan teburi tare da sauran kaya.

Daga baya Alhaji ya tara ma'aikatansa, ya tarar huɗu cikin bakwai 'yan Nijar ne, kuma babu mai katin zama ko ɗaya. Ya sa kowa ya ɗauki hoton takardunsa ya ajiye a waya, ya kuma rubuta wa kowannensu wasiƙar shaidar aiki mai hatimin shago. Telan ya gama biyan bashinsa. Ya ce in ya je gida ganin mahaifiyarsa bayan kaka, ta Jibiya zai dawo kamar kullum, tun da an buɗe wannan iyaka a Maris na 2024, amma wannan karon zai sauka daga mota ya shiga ofis da fasfonsa a buga masa a Ɗan Isa, a buga masa a ɓangaren Najeriya, sannan ya kai takardunsa neman katin zama kafin kwana 90 su cika. Biyu daga cikin abokan aikinsa sun ce za su bi shi. Na ukun ya ce shi ba ya zuwa Kwatano, don haka bai ga abin da ya dame shi ba.